Jinjina Ga Masu Ɗiga Wa Jarirai Rigakafi

Da sassafe ma'aikaciyar lafiya ta asibitin sha-ka-tafi take buɗe firji, ta tabbatar sanyinsa na tsakanin digiri 2 da 8, sannan ta fuskanci layin masu goyo.

Cikin abin da take bayarwa akwai rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke sa wa jarirai amai da gudawa har ruwan jiki ya ƙare, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa. A baki ake ɗiga shi, a Najeriya sau uku: jariri na da sati 6, 10 da 14. Daga nan jikin yaro ya san cutar, ko ta kama shi ba kasafai take kwantar da shi a asibiti ba. Nijar ta fara bayarwa a 2014, Najeriya a Agustan 2022.

Aikin sai mai haƙuri. Ta lallashi mai kuka, ta cike kati, ta kwantar da hankalin uwa. Abokin aikinta kuwa ya ɗaure akwatin ƙanƙara a babur, ya ratsa taɓon damina zuwa rugage.

Iyaye, kyauta ne. A kai yara, a kuma cika zuwa ukun nan.