Hawa da gangara: gwanintar masu keke a duwatsun Adar

Kwaltar da ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi a Tsarnawa, gabas kaɗan da Birnin Ƙonni, ta nufi arewa ta Gidan Idar, ta ratsa Badaguishiri kafin ta isa Tawa. Na cikin mota zai ce hanya ce miƙaƙƙiya, wajen kilomita 130 daga Ƙonni. Mai keke ba zai yarda ba. Ƙasar Adar tudu ne shimfiɗaɗɗe da ruwa ya tsattsaga tun fil azal, ya bar fako mai baƙin dutse a sama, laka da lambuna a kwari. Badaguishiri a kwari take zaune. Duk wanda ya zo cin kasuwarta daga ƙauyukan kan tudu gangarowa ya yi, kuma in kasuwa ta watse hawa na jiransa.

Ba 'yan tsere masu matsattsun riguna nake nufi ba. Waɗanda ke burge ni su ne masu baƙin keken nan na ƙarfe, Phoenix ɗan Sin ko tsohon Raleigh na gado, da buhun gero a kariya, ko jarkoki huɗu, ko ɗaurin itacen da ya ɗara mai keken tsawo. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8, masu ƙera shi kuwa kullum a bakin wannan iyaka suke. Keken Ba'adare shi kaɗai ya doshi kilo 20. Jarka huɗu ta ruwa mai lita 25 kilo 100 ke nan. Kuma giyarsa ɗaya tak. Faifan gaba haƙora 44 zuwa 48, na baya 18 ko 20, wato duk zagaye ɗaya na feda sai ya tura wannan nauyi kusan mita biyar ko fiye, a shimfiɗe ko a hawa. Ɗan tsere in ya ga tudu sai ya sauya giya, zagaye ɗaya ya koma mita biyu da 'yan kai, ƙafa ta huta. Namu ba abin da zai sauya sai dabara.

Dabarar tun wajen ɗaure kaya take farawa. Gwani ba ya ɗaure da igiya in akwai robar tsohon tib, don roba na bin kaya duk inda ya motsa, igiya kuwa saki take yi a gargada. Mai nauyi a ƙasa, gefe da gefe daidai wa daida, mai sauƙi a sama. In kaya ya koma baya fiye da kima, da an fara hawa tayar gaba sai ta ɗaga, kan keke ya yi ta rawa a hannu. Shi ya sa za ka ga an rataya wani abu a gaba, ko galan ko ƙullin kanwa, ba don an rasa wuri a baya ba.

Sai karanta tudun. Tun daga nesa gwani ya auna shi da ido, ya san wanda za a ci da gudu da wanda za a lallaɓa. Gajeren hawa da ke bayan gangara, da ƙarfin gangarar ake cinye rabinsa. Dogo kuwa, irin wanda ke fitar da mutum daga kwari zuwa fako, wanda ya shige shi da zafi tsakiya zai tsaya yana haki. Gwani a zaune yake farawa, numfashi na tafiya da taku. Feda ta yi nauyi, ya miƙe tsaye ya sakar mata nauyin jikinsa, keken na karkata hagu da dama a ƙarƙashinsa. In hanya ba mota, sai ya bar miƙewa ya dinga yanka ta a karkace, bakin nan zuwa wancan. Tafiyar ta ƙara tsawo, amma tsananin hawan ya ragu a ƙafa. Jaki ma da kaya haka yake hawan dutse, ba wanda ya koya masa.

Abin da na fi ganin gwaninta a cikinsa shi ne sanin lokacin sauka. Matashi na ganin saukar abin kunya ne, yana ta dannawa har keken ya tsaya cik, kaya ya rinjaye shi, buhu a ƙasa, shi a kan buhu. Dattijo tun keken na da sauran motsi yake wurgo ƙafa ta gaba, ya dira yana tafiya, hannun hagu a kan keke, na dama a bayan sirdi, kafaɗa a jikin buhu. Bai yi asarar taku ɗaya ba. In ya wuce yaron da ke kiciniyar ɗaga kaya, abin da zai ce bai wuce, “Sannu ɗana, sauka ake yi tun da sauran ƙarfi.” Sai ya jingine nasa, ya sa dutse a bayan taya, ya kama masa.

Duk da haka hawa gajiya kawai yake kawowa. Gangara ce ke kai mutum asibiti. Birkin waɗannan kekuna sandar ƙarfe ce da ke jan roba ta matse bakin wili, an yi shi ne don mutum da ɗan ƙunshinsa, ba don kilo 180 a gangaren dutse ba. Wanda ya matse bai saki ba, wili ya yi zafi, roba ta cinye, tun bai kai ƙasa ba hannunsa ya koma wofi. Gwani kamawa yake yana saki, na baya kafin na gaba, kuma ba ya barin gudu ya taru tun daga sama. Wasu na ɗora tafin takalmi a kan taya su ƙara da shi. Idon gwani kuwa ba a gaban taya yake ba, yana can ƙarshen gangara, don ƙarshen gangara a Adar ƙorama ce, ƙorama kuma yashi take tarawa a kan hanya. Tayar gaba ta shiga yashi da birki a matse, an gama. Sai a rage gudu tun kafin nan, a saki birki, a ja jiki baya, a bar keken ya ratsa a miƙe. Da damina in an keta ruwa, wilin da ya jiƙe ba ya jin birki sai ya yi 'yan zagaye ya bushe, kuma ƙoramar da ke gudu jira ake yi mata, ko da sama ta washe, tunda ruwan daga tudun da ba ka gani yake zuwa.

Iska ma tana cikin lissafi. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai zuwa Tawa daga Badaguishiri gaba da gaba suke, mai komowa kuwa tura shi take. Da damina ta juya. A kan fako ba abin da ke tare ta, ba kamar kwarin Majiya ba inda tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don karya ta. Da bazara, lokacin da zafi ke haura 40, masu hankali daga sallar asuba suke kama hanya. Ga kuma manyan motoci, na simintin Malbaza da na albasar Galmi, waɗanda iskar wucewarsu kaɗai kan ture keke mai faɗin kaya. Da kunne ake jin su, a sauka gefe tun ba su iso ba.

Da yawa daga ƙasashen da suka yi suna a tseren keke a Afirka masu duwatsu ne. Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar gwanin hawa a Tour de France a 2015, ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango uku da koriyar riga a 2024. Ruwanda ta karɓi gasar duniya a Kigali a 2025, kuma cikin 'yan tserenta akwai waɗanda da keken haya suka fara. Maƙwabciyar Nijar, Burkina Faso, na da Tour du Faso tun 1987. Tudun Adar bai kai na Asmara ta Eritiriya ba, ko kusa. Amma yaron da ya saba fitar da jarka huɗu daga kwari da giya ɗaya, ina so in ga abin da zai yi a kan keken kilo bakwai.

A can Adar kuwa, da an bar kwalta aka bi hanyoyin ƙauyukan Illela, abokin gaba ƙaya ce: tsidau a ƙasa, aduwa da farar ƙaya a gefe. Gwani na bin sawun da ƙafa da kofato suka share, ba ya yanke ta ƙarƙashin itace don neman inuwa. Wasu kan tsaga tsohon tib su shimfiɗa cikin taya ya zama kariya. Famfo na ɗaure a jikin keke, sholisho da guntun roba na aljihu. In ba ruwan da za a tsoma tib a ga kumfa, sai a hura shi a bi da shi kusa da leɓe har a ji inda iska ke fita, a goge wurin da dutse, a shafa, a jira ya sha iska kafin a manna. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da yatsa a ciro ƙayar, in ba haka ba kafin ƙauye na gaba an sake zama.