Hotunan Kwatano: Mai Hoto Ya Ba Gari Baya

A zamanmu na Asabar da ta wuce, wani ɗan ƙungiyarmu ya kawo hotuna 32 da ya ɗauko a Kwatano lokacin babban hutu, muka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu. Ya roƙi a faɗa masa gaskiya kafin ya wanke su ya manna a bangon ɗakin karatu. A wurin ban ce uffan ba, don kowa sai "kai, wanga yaro ya iya!" yake yi. Ga nawa a rubuce, kuma da izininsa aka buga.

Ba na musun cewa hannunsa ya faɗa. Layin da ya raba ruwa da sama a miƙe yake a kowane hoto, abin da ke gagarar yawancinmu. Ya san ya jira la'asar sakaliya, lokacin da rairayi ke yin ja kamar ƙasar Adar. Akwai wanda ya kama taguwar ruwa daidai sa'ad da ta fashe, har mutum ya ji kamar zai jiƙe.

Amma 21 daga cikinsu abu guda ne: bakin tekun Fidjrossè, kwakwa ta karkata, rana za ta faɗi, babu ɗan Adam ko ɗaya. Na tambaye shi ko wurin haka yake fayau, ya ce a'a, jira ya riƙa yi mutane su gusa. To, nan gizo ke saƙar. Idan aka rufe sunan da ke ƙasa, wa zai rantse Kwatano ce ba Lome ko Akkara ba? Irin wannan teku muna da ita a Ƙonni tun muna yara, a labulen da mai hoto ke ratayawa bayanmu ranar Salla. Philip Kwame Apagya na Gana ya yi suna da irin waɗannan labulaye masu zane, sai dai shi da wanda ya tsaya gabansa duk sun san mafarki ake ɗauka, daɗin wasan ke nan. Abokinmu kuwa ya ci kilomita fiye da 1,000 ya dawo mana da labule.

Na san inda ya aro wannan ido. Gwamnatin Benin ta zuba kuɗi don jawo ƴan yawon buɗe ido: ta gyara hanyar bakin teku da ta nufi Ouidah, ta kafa mutum-mutumin Amazone mai tsawon mita 30 a 2022. Hotunan tallarsu sun cika Facebook, kuma an yi su ne don mai kuɗin hutu da ke neman inda zai miƙe ƙafa. Sana'arsu ce, ban ga laifinsu ba. Abin da ya dame ni shi ne ɗan Ƙonni ya tsaya daidai inda baƙon Faransa zai tsaya, ya ga daidai abin da zai gani.

Mu da ba mu da teku, Kwatano ƙofar gida ce. Shinkafar da muke ci, motocin hannu da ake kira na Kwatano, atamfa, duk ta tasharta suka daɗe suna shigowa, su biyo Parakou, Malanville, Gaya, Dosso, su iso nan. Dogon da aka ce zai haɗa mu tun zamanin OCBN a 1959 bai taɓa wuce Parakou ba, shi ya sa manyan motoci suka gaji aikin, kuma da yawa daga direbobi da yaran mota namu ne. Albasar Galmi kuma ta gangara kudu. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, babu uwar gida a Malbaza ko Illela da ba ta ji a tukunyarta ba. Shi kansa mai hoton a kwale-kwale ya ƙetare kogi a Gaya, gada na kallonsa a toshe. Ya ba mu labarin da baki har muka yi ta dariya, amma ko hoto ɗaya babu. Na yarda masu kaki ba sa son a ɗaga waya a irin wuraren nan, haka ma kusa da tashar jiragen ruwa. Zango fa? Kasuwar Dantokpa fa, inda ya ce Hausa ya yi ta ji kamar yana tashar Ƙonni? Kwana tara ya yi a gidan kawunsa mai sayar da albasa, kawun bai fito ko sau ɗaya ba.

Hoto na 17 ya fi ɓata mini rai, domin ya fi sauran kyau. Rusasshen bango ne a Akpakpa, gabas da tasha, ruwa na dukansa, haske ya kwanta a kai kamar zinariya. Ya sa masa suna "Natsuwa". Wace natsuwa, don Allah? Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas. Tun da aka gina tashar a shekarun 1960 sai ta tare shi: yamma ta yi ta ƙaruwa, gabas teku ta yi ta cinye ta da gidajen mutane, har sai da aka jera manyan duwatsu cikin ruwa don a rage ɓarnar. Wato faffaɗan rairayin da ya burge shi da bangon da ya faɗi labari ɗaya ne, kuma tashar da ke ciyar da mu ce a tsakiya. Wani ya taɓa kwana cikin ɗakin nan. Ɗan ƙasar da ambaliya ke rusa gidajen laka kowace damina bai kamata ya mai da wannan ado ba.

Akwai hoton da ya so sharewa, wai ya yi motsi. Masunta ne wajen ashirin suna jan taru da safe, igiya ta ratsa hoton a karkace, wata mata da kwano a ka ta shigo ta gefe, rabin fuskarta a waje. Can nesa jiragen dakon kaya uku sun yi cirko-cirko suna jiran a ba su wuri. Da na ƙara girmansa sai ga wani saurayi a ƙarshen igiya da hula irin tamu. Mai hoton ya ce sun gaisa, ɗan wajen Madawa ne, ci-rani ya kai shi. Mi ya kai bafaden tudu jan taru, nawa ake ba shi, yaushe rabonsa da gida? Wannan kaɗai ne cikin 32 ya sa na tambayi wani abu.

Shawarata, a wanke wannan babba, a sa na Akpakpa kusa da shi bayan an canza masa suna, a zaɓi biyu kacal cikin na kwakwa. Kuɗin wanke sauran a saya mana takardar fitowa ta gaba.