Gwanintar Tada Manhaja Idan Ta Faɗi

A kan kowace uwar garke da ke ɗauke da shafin intanet, ko hada-hadar kuɗin banki, ko saƙonnin waya, akwai manhajojin da ke aiki a bayan fage, babu wanda ke ganinsu. Wata tana karɓar masu shiga shafi, wata tana riƙe da rumbun bayanai, wata kuma ita ke aiko maka saƙon cewa kuɗi sun shigo. Ana kunna su ne domin su yi watanni suna aiki ba hutu, amma faɗuwa suke yi. Ƙwaƙwalwar na'ura kan cika, sai Linux, tsarin da ke tafiyar da na'urar, ya kashe wadda ta fi ci domin ya ceci sauran. Ko kuma wani saƙo ya shigo da siffar da marubucin manhajar bai taɓa zato ba, ya kayar da ita. Galibi hakan na faruwa injiniya yana barci.

Maganin da masana suka samo shi ne a sa wata manhaja ta yi gadin sauran, duk wadda ta mutu ta tashe ta. Dabarar tsohuwa ce. Tun zamanin Unix, manhajar farko da ke tashi idan an kunna na'ura, wato init, tana iya sake tada wasu ayyuka in sun mutu. A 1997 Daniel Bernstein ya fitar da daemontools domin wannan aiki, sannan a 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka kawo systemd, wanda a yau shi ke riƙe da wannan gadi a yawancin manyan nau'o'in Linux. A systemd layi ɗaya ya isa: ka rubuta Restart=on-failure, manhaja ta faɗi, cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa an soma tada ta.

Wani zai ce ai wannan rufa-rufa ce, tunda ba a gyara kuskuren ba. Jim Gray na kamfanin Tandem ya amsa wannan tun 1985. Ya nuna cewa yawancin kurakuran da ke saura a manhajar da ta daɗe tana aiki masu wucewa ne, sai abubuwa da dama sun haɗu a daidai lokaci guda suke bayyana, in aka sake gwadawa ba sa dawowa. A kan irin wannan fahimta Joe Armstrong da abokan aikinsa a Ericsson ta Suwidin suka gina harshen Erlang domin na'urorin haɗa kiran tarho: a bar ƙaramin aiki ya mutu, mai kula da shi ya tada sabo daga tushe mai tsabta.

Layin nan ɗaya na systemd kowa na iya rubuta shi. Abin da ke burge ni a wurin gwani yana farawa ne daga tambayar da ba kowa ke yi ba: mene ne shaidar cewa manhaja tana raye? Tana iya kasancewa cikin jerin masu aiki, sunanta na nan, lambarta na nan, alhali ta daskare ba ta amsa kowa. Kamar mai shagon da ya buɗe ƙofa ya zauna barci ya kwashe shi, in ka hango daga bakin titi sai ka ce ciniki ake yi. Don haka gwani ba ya wadatuwa da hange. Ko dai ya sa a riƙa aika mata ƙaramar buƙata ta gaske ana jiran amsa, ko ya wajabta mata ta riƙa sanar da systemd cewa tana nan kafin wani wa'adi ya cika, in ta yi shiru a kashe ta a tada sabuwa. Zaɓen wa'adin ma sai mai ido. In ya yi gajere, za a riƙa kashe lafiyayyar manhajar da aiki ne kawai ya yi mata yawa, in ya yi tsawo, mutane sun daɗe da gajiya kafin a farga.

Irin wannan agogon gadi ne ya riƙe kumbon Pathfinder na Amurka da ya sauka duniyar Mars ranar 4 ga Yuli, 1997. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Wani aiki mai muhimmanci ne ke maƙalewa yana jiran ƙaramin aikin tattara bayanan yanayi ya saki abin da ya riƙe, shi kuma ƙaramin bai samun damar gamawa. Agogon gadi na ganin babban aiki bai kammala a kan lokaci ba, sai ya sake kunna komai. Hakan ya bai wa injiniyoyin kumbon sararin gano matsalar a kan kwafin na'urar da ke hannunsu, suka aika gyara daga ƙasa.

Sai kuma sanin lokacin dainawa. In kuskuren a fayil ɗin saiti yake, ko faifai ya cika, tadawa sau dubu ba za ta yi komai ba sai ƙara wa na'ura nauyi. Shi ya sa systemd, in ba a canza masa ba, yake tsayawa idan an yi yunƙuri fiye da 5 cikin daƙiƙa 10. Kubernetes kuwa, wani tsarin da shi ma ke irin wannan gadi, ƙara jinkiri yake yi tsakanin yunƙuri da yunƙuri, daƙiƙa 10, 20, 40, har zuwa minti 5.

Kuma gwani ba ya yarda a tada manhaja a ɓoye. Kowace faɗuwa sai an rubuta ta a kundi, in ta yawaita wayarsa ta yi ƙara. Manhajar da ke faɗuwa sau hamsin a yini ana tada ta ba wanda ya sani, ciwonta ƙaruwa yake yi, wata rana za ta faɗi ta ƙi tashi.

Kai matashin da ke koyon kula da uwar garke, kada ka amince da gadin da ba ka jarraba ba. Da rana, kana zaune gaban na'urar gwaji, kashe manhajarka da hannunka, ka duba ko ta tashi, ka duba ko saƙon gargaɗi ya iso wayarka.