Kada a Yi Saurin Jefar da Tiyunar Rak

A shekarun 1980 da 1990, idan ka leƙa bayan makaɗin jitar bes a dandamali, da wuya ka rasa ganin baƙin akwati a kan sifika, an jera na'urori a cikinsa hawa-hawa. Wannan akwatin shi ne rak, mai faɗin inci 19. A ƙasa amfilifaya take zama, irin su Gallien-Krueger 800RB ko Hartke HA3500 ko Ampeg SVT-3 Pro. A sama kuma akwai wata siririyar na'ura, tsayinta inci 1.75 kacal, fitilunta na ta kai-komo hagu da dama. Ita ce tiyuna, mai nuna wa makaɗi ko tsirkiyarsa ta hau daidai ko ta sauka. Samfurin Korg DTR ya yi tashe sosai a wannan fanni.

Yau wannan tsari yana ta ja da baya. Amfilifayoyi sun ƙanƙance, har akwai waɗanda ba su kai kilo 3 ba, irin Little Mark ta kamfanin Markbass, wadda ake sakawa a jaka a rataya. Boss ta fito da tiyunar feda TU-2 a 1998, TC Electronic ta biyo da PolyTune a 2010, sannan ga 'yan ƙananan da ake maƙalawa a kan jita, ga kuma manhajojin waya na kyauta. Matasan makaɗa da yawa sun ɗauki tiyunar rak kayan tsofaffi. Ni dai ina ganin an yi gaggawar yanke mata hukunci, musamman a wajen mai kaɗa bes.

Dalilina na farko yana cikin yanayin sautin bes ɗin kansa. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu, wato E, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa. Idan mai biyar ce, B ta ƙasa ba ta wuce sau 31 ba. A can ƙasa muryoyi suna matse da juna: tsakanin E da F da ke bi mata bai cika kaɗawa biyu da rabi ba. Kunne yana shan wahalar tantance kuskure a wannan zurfin, balle ga ganguna na rugugi a gefe. Tiyunar maƙalawa girgizar katako take ji, kuma katakon nan yana ɗaukar girgizar sifika da ta ganga, shi ya sa za ka ga allonta yana ta rawa ya kasa tsayawa a kan B. Wayar hannu kuwa da makirufo take saurare, duk hayaniyar wurin takan shige ta. Tiyunar rak siginar lantarki take karantawa kai tsaye daga jita, babu ruwanta da ihun jama'a.

Za a ce ai feda ma haka take yi. Gaskiya ne. Bambancin yana wajen yadda ake haɗawa. A bayan yawancin amfilifayoyin bes akwai wata kafa da aka rubuta wa Tuner Out. Ɗan gajeren kebur ake ɗaukowa daga nan zuwa tiyuna, shi ke nan. Sautin da ke zuwa sifika bai bi ta cikinta ba, don haka ba ta ƙara masa komai, ba ta rage masa komai, kuma ko ta lalace ana tsakiyar wasa kiɗa ba zai tsaya ba. Tana nan a kunne tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Ka riƙe doguwar murya, ka ɗan saci kallo, ka ga fitila ta karkata hagu, ka san tsirkiyar A ta saki. Da waƙa ta ƙare sai ka danna maɓallin Mute, sifika ta yi shiru amma tiyuna na ci gaba da ji, ka murɗa kunnen jita a hankali har fitila ta tsaya a tsakiya. Babu wanda ya ji komai. Ga mai kaɗa bes marar ƙarafunan wuya, wanda yatsansa ne kaɗai ke tsayar da murya, wannan ido na dindindin ba ƙaramin taimako ba ne.

Abin da ya ɓata wa na'urar suna a wajen wasu shi ne mummunan haɗi. Mutum zai soka jita a tiyuna, ya ɗauko daga tiyuna zuwa amfilifaya, sannan ya dawo yana ƙorafin sauti ya dushe ko an sami guna-guni. Wani kuma zai ɗauko daga kafar da aka ware wa na'urorin ado, sai sigina ta riƙa canzawa duk lokacin da ya taɓa maɓallan gaba. Idan akwai kafar da aka yi dominta, a yi amfani da ita.

Masu suka suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Rak a bayanka yake, dole ka juya wa jama'a baya ko ka karkace kafin ka duba, alhali feda tana gaban ƙafarka. Ga nauyi, ga cin wuri a mota. Wanda amfilifayarsa ta jaka ce, ya je ya sayi akwati sukutum don ya saka tiyuna kawai, ya yi asarar kuɗinsa. Shawarata ga irin wannan ita ce ya nemi feda mai kyau ya huta.

Amma ba kowa ne ke yawo da kayansa shi kaɗai ba. A wurarenmu, yawancin kayan kiɗan zamani na ƙungiya ne ko na haya: ɗakin taro, coci, situdiyo, masu zuwa kiɗan biki. Amfilifaya ɗaya, makaɗa uku ko huɗu ke karɓa-karɓa a kanta. Feda takan bi aljihun wani ta tafi, ta maƙalawa takan ɓata ko batirinta ya mutu. Wadda aka ɗaure da kusoshi a cikin rak tana nan daram, kowa ya soka jitarsa zai same ta, kuma kowa ma'auni ɗaya zai bi. Sai dai a riƙa dubawa tana kan 440, ma'aunin da kibod ke kai, don hannu kan goge ta ta koma 442 ba a sani ba. Ga kuma yanayi: zafin rana a filin biki da bushewar hunturu suna motsa wuyan jita, saitin da aka yi da la'asar ba lallai ya kai isha'i ba. A irin wannan hali, da tsohuwar zuma ake magani.

Hattara ɗaya ga mai sayen ta gwanjo: wadda ta fito daga Amurka wataƙila ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230 ce. A karanta abin da ke rubuce a bayanta kafin a jona, a kuma haɗa ta da sitabilaiza idan da janareto ake aiki.

Tiyuna kowace iri ce ba ta gyara jitar da ba a daidaita ba. Idan tsirkiya ta yi daidai a sake amma ta kauce a ƙarfen wuya na 12, gadar jita ce ke son gyara, kuma a nan ne irin Peterson StroboRack, mai auna har kashi ɗaya cikin dubu na rabin murya, take nuna amfaninta. Don haka wanda yake da rak, ya bar wa tiyuna hawanta ɗaya, ya haɗa ta ta kafar da ta dace, ya saba da yin saiti a shiru. Bes ne ke riƙe da gindin waƙa, idan ya kauce mawaƙi ake zargi.