Farcen Manomi da Ranar Karya Masara

A ƙauyukan Rano da Kibiya, daga Rurum har Tarai, ba kalanda ake dubawa kafin a karya ɗanyar masara ba, gemunta ake dubawa. Muddin yana sheƙi, da danshi a jikinsa, to da saura. In ya bushe ya koma ruwan ƙasa, wajen mako uku da fitowarsa, sai manomi ya damƙi goyon ta saman ɓawo, ya ji ko ƙwaya ta cika har baki. Daga nan ya ɗan yaye ɓawon, ya soka farce a ƙwaya ɗaya. In ruwa ya fito garau, ba ta isa ba. In ya fito fari da kauri kamar madara, yau ce ranarta. In kuwa farce ya ƙi shiga, lokacin gashi ya wuce, sai a bar ta ta ƙosa domin tuwo.

Wannan gwaji na ɗan lokaci yana burge ni matuƙa, domin kwanakin da masara ke yi a wannan hali ba su da yawa, kuma gona ɗaya ba ta nuna rana ɗaya. Gwani yakan bi kunya-kunya yana zaɓa, ya karya wannan ya tsallake waccan, jibi ya dawo mata.

Da zarar an raba goyo da kara, zaƙin ya fara gudu: sukarin da ke cikin ƙwaya yana juyewa zuwa sitaci, zafin rana kuma yana ƙara masa sauri. Domin tsare zaƙin, iyalan manoma a Amurka, masu shuka irin masara mai zaƙi, sukan tsoma ta a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, su jefa a ruwan ƙanƙara, su yanke ƙwayar su daskarar a firiza. Mu nan wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, don haka manomi ya nemi mafita a wajen sammako. Ana idar da sallar asuba a shiga gona, raɓa ba ta bushe ba. A bar masarar cikin ɓawonta, a tara a inuwa, a ɗura a buhu. Kafin hantsi tana kan hanyar kasuwa, da la'asar tana kan gawayi a bakin titi, mai gashi na juya ta yana kaɗa mafici. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta sa ana samun wannan ciniki har da rani a yankin.

Sauran gonar kuwa aikinta haƙuri ne. A bar ta a kara sai ɓawo ya yi fari, goyo ya sunkuya. A karye, a ɓare, a shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa tsura ba, domin masarar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai cutar da hanta. Mata sun fi kowa sanin bushewarta: a ciji ƙwaya, in ta fashe ƙas, ta isa shiga rumbu ko buhu. Manyan goyo masu jerarrun ƙwaya kuma a ɗaure su da ɓawonsu, a rataye a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari, su ne irin baɗi. Kara ma ba ya tashi a banza, na dabbobi ne.

Duk mai uba ko kaka da ya iya wannan aiki, ya bi shi gona a daminar bana, ya sa nasa farcen a ƙwaya a gabansa, ya bari a gyara masa.