Ma'aunin da Gwamnati Ke Auna Malamai da Shi

Cikin 1977 Gwamnatin Nijeriya ta fid da takardar manufar ilmi ta ƙasa. Abin da ta nuna a kan malamai shi ne, ilmin ƙasa ba ya wuce iyakar ƙwarewar masu koyarwa. Wannan magana gaskiya ce, amma ya kamata mai karatu ya lura da yadda a ke aiki da ita. Kullum idan yara suka kāsa, sai a jawo ta a ɗora wa malami laifi, ba a cika tambayar wanda ya ɗauke shi aiki ba.

Ga misali. Cikin 1976 aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ta zuwa, har suka fi yawan da aka ƙiyasta. Da malamai suka yi ƙaranci, sai aka riƙa yi wa mutane gajeren horo cikin gaggawa, ana tura su aji. A shekarar nan kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ƙara wa irin waɗannan ilmi. Watau a lokacin nan yawa a ke nema.

Daga baya magana ta juya. Aka ce sai mai takardar NCE zai koyar, aka kuma kafa hukumar rajistar malamai cikin 1993. Cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun fāɗi, ta sallame su. Lalle wanda bai san abin da zai koyar ba, barinsa cikin aji zalunci ne ga 'ya'yan talakawa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wane ne ya ba su takardun shaida? Wane ne ya sa hannu aka ɗauke su?

Babban aibin irin wannan zance shi ne, yana ɗaukar nagarta kamar wani hali da a ke haihuwar mutum da shi, alhali kuwa aiki kasuwa ne. Saurayi mai basira yana duba albashi tukuna ya zaɓi sana'a. An ƙara wa malamai shekarun barin aiki zuwa 65 bisa dokar 2022, amma cikin 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki fiye da wata uku, don ba a biya su sabon albashi mafi ƙanƙanta ba. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Saboda haka, idan hukuma ta tashi auna malami, ya kamata iyayen yara su nemi ta auna kanta da mudu guda: yaya ta horar da shi, ta wace hanya ta ɗauke shi, yaushe kuma ta biya shi haƙƙinsa.