Yaƙin Burma a Majigi da a Littafi

A ƙasar Daura, tun daga cikin birni har Babban Mutum can wajen iyaka, masu kallon majigin yaƙi sukan yaba wa wasa saboda ƙarar bindigogi da rugugin jiragen sama. Wannan ma'auni kuwa bai isa ba, balle idan yaƙin Burma aka nuna, inda 'yan Arewa suka zub da jininsu.

Akwai wani wasa mai suna Objective, Burma! wanda kamfanin Warner na Amurka ya fitar cikin 1945. Errol Flynn ne ya fito kyaftin na sojan laima, aka sauke su tsakiyar kurmi don su rushe wata tashar Japanawa mai hango jirage. Wanda ya shirya shi, Raoul Walsh, gwani ne: ya nuna yunwa da gajiya da fargabar dare har mai kallo ya ji a jikinsa. Amma fa a Kalifoniya aka ɗauki hoton, kuma aka yi kamar Amurkawa kaɗai suka ci yaƙin. Mutanen Ingila suka fusata, aka janye shi daga gidajen sinimarsu bayan mako guda, bai koma ba sai 1952. Su sun yi kuka an share musu hawaye. Sojan Afirka ta Yamma kuwa, ko inuwarsu ba a gani a ciki ba, ba kuma wanda ya tayar da hankali dominsu.

Alhali runduna biyu aka kai can, ta 81 da ta 82, kuma da Hausa sojan Nijeriya ke magana a bariki. Ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan cikin 1944, inda mota ba ta shiga. 'Yan dako marasa bindiga ke ɗaukar kaya a ka, abinci da harsashi kuwa sai jirgin Dakota ya jefo daga sama. A nan ne wasan ya faɗi gaskiya ba da niyya ba. Wannan tsohon jirgi mai farfela biyu, wanda ba ya harbi, ba shi da saurin kirki, an nuna shi yadda yake: idan ya zo a ci, idan bai zo ba a kwana da yunwa. Waɗanda ke jiransa a ƙasa ne kawai aka sake wa launi.

Abin da majigi ya bari, littafi ya ɗauka. Cikin 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya wallafa Burma Boy, labarin Ali Banana, yaron maƙeri da ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Littafin ya fi wasan gaskiya nesa ba kusa ba, ko da yake wani lokaci ban dariya takan yi yawa har ta rage nauyin mutuwa. Babban cikas shi ne da Turanci aka rubuta shi. Wanda ya koyi karatun Hausa kaɗai, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne waƙar Sa'adu Zungur, Maraba da Soja, wadda ya yi wa masu komowa gida bayan an gama yaƙin.